Kalmomi Masu Kishiyantar Kansu a Ingilishi: Asalinsu da Nauyin da Suke Ɗora wa Mai Fassara

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wasu kalmomin Ingilishi na yau da kullum waɗanda kowace ɗaya take ɗauke da ma'ana da kuma kishiyar ma'anar, irin su *sanction*, *cleave*, *fast*, *dust* da *table*. Ta bi sawun tarihinsu domin nuna cewa ba hanya ɗaya ta kai su ga wannan hali ba, kuma halin ba shaida ba ne na rashin tsari a harshen. Ta kuma kafa hujja cewa waɗanda suka fi burge masu tattara su ba su ne suka fi haɗari ba. Masu haɗarin su ne na majalisa da kotu da ɗakin labarai, inda mai fassara zuwa Hausa ba shi da damar barin magana da harshen damo.

Gabatarwa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Jamhuriyar Nijar, kalmar *sanctions* ta cika jaridun Ingilishi, kafofin labarai na Hausa kuma suka mayar da ita "takunkumi". Fassarar ta yi daidai, domin kowa ya ga abin a ƙasa: ƙungiyar ECOWAS ta sa an rufe iyakoki, an dakatar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take tura wa maƙwabciyarta. To amma da wani zai rubuta a wancan lokaci cewa *the Senate did not sanction the use of force*, ba takunkumi yake nufi ba. Nufinsa Majalisar Dattawa ba ta amince a yi amfani da ƙarfin soja ba. Kalma guda, a fage guda, tana hani kuma tana ba da izini.

Turawa suna kiran irin waɗannan kalmomi *contronyms*, sunan da ake danganta ƙirƙirarsa ga Jack Herring a 1962. Wasu kuma suna ce musu *Janus words*, daga Janus, abin bautar Rumawa mai fuska biyu, wanda watan Janairu ya samo suna daga gare shi. A wannan maƙala zan kira su kalmomi masu kishiyantar kansu.

Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne ga batun. Malaman luggar Larabci sun riga Turawa da ƙarnoni wajen nazarinsa, a ƙarƙashin sunan *al-addad*. Ƙuɗrub, wanda ya rasu a 821 Miladiyya, ya yi littafi a kai, haka ma Ibnul Anbari, wanda ya rasu a 940, da nasa littafin mai kalmomi fiye da 300. Ibnu Durustawaihi kuwa ya tsaya a kan cewa babu irin wannan abu a harshen da aka gina don a fahimci juna. Kuma muhawarar ba ta tsaya a ƙamus ba. Kalmar *ƙur'u* da ta zo a aya ta 228 ta Suratul Baƙara tana nufin tsarki, tana kuma nufin haila. Malikawa da Shafi'awa suka ɗauki ta farko, Hanafawa suka ɗauki ta biyu, lissafin iddar matar da aka saki ya bambanta a tsakaninsu. Na kawo wannan ne domin a gane tun farko cewa batun ba wasa ƙwaƙwalwa ba ne, hukunci yana rataya a kansa.

A Turai, wanda ya yi fice da batun shi ne Carl Abel, Bajamushe masanin harsuna, da ya wallafa wani ɗan littafi a 1884 yana cewa mutanen farko ba su iya tunanin abu sai tare da kishiyarsa, don haka tsofaffin kalmomi suka ɗauki ma'anoni biyu. Sigmund Freud ya rungumi ra'ayin a 1910 saboda ya dace da abin da yake faɗa a kan mafarki. A 1956 Émile Benveniste ya warware zancen, ya nuna cewa yawancin misalan Abel sun ginu ne a kan kuskuren gano asalin kalma. Ina tare da Benveniste. Duk kalmar da aka bi sawunta a Ingilishi, ana tarar da dalili na tarihi wanda za a iya nunawa da yatsa, kuma dalilan ba iri ɗaya ba ne.

Baƙi biyu a riga ɗaya

Rukunin da ya fi sauƙin bayani shi ne na kalmomin da tun asali biyu ne, furuci ya haɗe su. *Cleave* ita ce uwa a nan. Tana nufin tsaga abu biyu, tana kuma nufin manne wa abu. A Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi a Ingila kafin mamayar Normandawa ta 1066 da ɗan bayanta, aikatau biyu ne daban: *cleofan*, tsagawa, da *clifian*, mannewa. Jamusanci ya riƙe bambancin a *klieben* da *kleben*. Ingilishi kuwa ya zubar da ɗafa-ƙeyar aikatau, wasulansa suka sauya, kalmomin biyu suka wayi gari da siffa ɗaya. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ana samun duka biyun a cikin littafin Farawa kaɗai, ɗaya a kan miji da ke manne wa matarsa, ɗaya a kan faskaren itace. Yau ta tsagawa ta bar 'ya'ya irin su *cleaver*, wuƙar mahauta mai sara ƙashi, da *cleft*, tsaguwa. Ta mannewa kuma ta koma harshen wa'azi da adabi.

Haka *clip* take. Wadda ke riƙe takardu wuri ɗaya ta fito daga *clyppan* ta Tsohon Ingilishi, wato runguma. Wadda ke yanke farce ko gashi ta shigo daga *klippa* ta mutanen Sikandinebiya, waɗanda suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun ƙarni na 9 suka bar wa harshen ɗaruruwan kalmomi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin aljihun duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka. A shafin farko na fasfon Birtaniya, da na Najeriya da ya gaji salonsa, ana roƙon hukumomi su bar mai fasfon ya wuce *without let or hindrance*. Ɗalibin da ya san *let* da ma'anar bari ko ƙyalewa zai tsaya cak, domin a zahiri jimlar kamar tana cewa ya wuce ba tare da izini ba. Amma wannan *let* ɗin wata ce daban. Ta fito daga *lettan*, hanawa ko jinkirtawa, 'yar'uwar *late*, yayin da wadda muka saba da ita ta fito daga *lætan*. Ta hanawar ta kusa mutuwa, sai a fasfo da takardun shari'a, sai kuma a filin tanis idan ƙwallo ta taɓa raga aka ce a sake bugu.

Waɗannan kalmomi takwarori ne kawai, kamar Audu biyu a unguwa ɗaya da ba su haɗa kaka ba. Babu wata ma'ana da ta juya ta zama kishiyarta. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a jera su wuri ɗaya da rukunin da ke tafe, kamar yadda littattafan nishaɗin harshe suke yi.

Tushe ɗaya da ya yi rassa

A nan ne ainihin abin nazarin yake. Mu koma ga *sanction*. Asalinta *sanctio* ta Latin, daga aikatau *sancire*, wato a tabbatar da abu a mayar da shi mai alfarma wanda ba a ƙetarewa; daga tushen nan ne *saint* ta fito. A dokokin Rumawa, *sanctio* ita ce sashen ƙarshe na doka, inda ake faɗin abin da zai sami wanda ya karya ta. Ke nan tun a Rum kalmar tana riƙe da abu biyu da ba sa rabuwa: ikon da ya tabbatar da doka, da horon da ke tsare ta. Da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, ta shiga ne da ma'anar doka ko umarnin hukuma. Masu kallon dokar ta fuskar wanda ya sa mata hannu suka ja kalmar zuwa amincewa, masu kallon ta ta fuskar wanda ya saɓa suka ja ta zuwa hukunci. Ma'anar takunkumi tsakanin ƙasashe ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a zamanin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko, wadda ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi a 1935 saboda mamayar Habasha. Aikatau ɗin kuwa ya daɗe yana nufin amincewa kaɗai. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka fara amfani da shi da ma'anar hukuntawa. Ruɗanin da muke fama da shi yau, ashe, bai kai shekara ɗari ba.

*Fast* ta bi wata hanyar. *Fæst* a Tsohon Ingilishi na nufin kafaffe, wanda ba ya motsi, kuma ma'anar tana nan a *hold fast*, riƙe gam, da *fast asleep*, barci mai nauyi, da *fasten*, ɗaurewa. Azumi ma da ake kira *fast* daga nan ya fito, domin mai azumi ya riƙe ƙa'ida gam. To yaya kafaffe ya zama mai sauri? Ta hanyar bayanau. Daga riƙe abu da ƙarfi aka koma yin kowane aiki da ƙarfi, wanda ya yi gudu da ƙarfi kuwa ya yi sauri. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tun da idan aka ce mota ta taho da ƙarfi, gudunta ake nufi.

Akwai wata ƙaramar kalma da ba a cika sa ta a lissafi ba, alhali ta fi sauran yawo a baki, wato *with*. A Tsohon Ingilishi ma'anarta gāba da, ko fuskantar. Kalmar "tare da" ita ce *mid*, wadda ta saura a *midwife*, ungozoma, mai kasancewa tare da mace. A hankali *with* ta ture *mid* ta gaje wurinta, amma tsohuwar ma'anar ba ta tafi ba: tana cikin *withstand*, jurewa, da *withhold*, hanawa, da *withdraw*, janyewa. Shi ya sa jimlar *they fought with the French* ba ta faɗa maka ko Faransawan abokan gaba ne ko abokan tafiya. Hausa tana raba "sun yi yaƙi da Faransawa" da "sun yi yaƙi tare da Faransawa", don haka dole mai fassara ya san tarihin yaƙin kafin ya ɗora alƙalami.

*Oversight* kuma ta gaji fuska biyun da *over* take da su: kallo daga sama, da kallon da ya tsallake abu. Aikin sa ido da sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ana ce masa *oversight*, kuskuren da ido ya tsallake shi ma *oversight* ne. Nahawu yana taimakawa a nan, domin na kuskure yakan zo da *an* a gabansa, na sa ido kuwa ba ya ɗaukar ta.

Sai aikatau da ake ƙera su kai tsaye daga suna. Ingilishi ya ƙware a wannan tun da ya rasa ɗafe-ɗafensa, kuma Eve Clark da Herbert Clark sun yi masa nazari mai zurfi a mujallar *Language* a 1979. Idan suna ya zama aikatau, ba ya faɗin ko sa abin ake yi ko cire shi. *Dust the table* kakkaɓe ƙura ne, *dust the cake* barbaɗa sukari ne. *Seed the field* shuka ce, *seed the tomato* cire 'ya'ya ne. *Stone* jifa da dutse ne idan mutum ne karɓau, cire ƙwallo ne idan dabino ne. Abin da ke warware ma'anar shi ne sanin duniya: teburi ba ya buƙatar ƙura, gona ba ta zuwa da irinta. Hausa ba ta barin wannan aiki ga mai sauraro. Muna da kakkaɓe da barbaɗa, da ɓare da feɗe da fige, kowane da aikinsa.

Abin da teku ta raba

Winston Churchill ya ba da labari a kundi na 3 na tarihinsa na Yaƙin Duniya na Biyu cewa hafsoshin Birtaniya sun shirya wata takarda ta gaggawa suka ce wa takwarorinsu na Amurka suna so a yi mata *table*. Amurkawa suka ƙi, aka yi ta musu mai zafi, kafin a gano cewa duka ɓangarorin abu ɗaya suke so. A majalisar Birtaniya, ɗora takarda a kan teburi shi ne gabatar da ita domin a tattauna. A majalisar Amurka, ɗora ta a kan teburi shi ne ajiye ta, a aikace kuma kashe ta. Teburin ɗaya ne, al'adar majalisun ce ta bambanta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka tun 1979, amma Ingilishin majalisarta na Birtaniya ne, don haka a Abuja *table a motion* gabatar da ƙudiri ne. Ɗan jaridar da ya saba da wannan zai iya juya labarin Washinton a baibai. A ranar 3 ga Oktoban 2023, yunƙurin yi wa ƙudirin tsige Kevin McCarthy *table* ya faɗi da ƙuri'a 208 da 218, wato an kasa kashe ƙudirin, aka kuwa tsige shi daga kujerar kakakin majalisar wakilai a ranar da ƙuri'a 216 da 210. A ranar 8 ga Mayun 2024 kuma majalisar ta yi wa ƙudirin tsige kakakinta Mike Johnson *table* da ƙuri'a 359 da 43, ya tsira da kujerarsa. Wanda ya fassara na biyun da "majalisa ta amince a gabatar da ƙudirin tsige kakaki" ya gaya wa masu sauraro akasin abin da ya faru, kuma babu wata alama a jimlar Ingilishin da za ta farkar da shi.

*Moot* ma haka. Daga *gemot* take, taron shawara na Turawan Ingila na dā. Ɗaliban lauya suka ɗauke ta suna kiran shari'ar gwaji da ita. Birtaniya ta riƙe ɓangaren muhawarar, *a moot point* ya zama batun da ke da ja. Kotunan Amurka suka riƙe ɓangaren gwajin, *moot* ta zama batun da ya riga ya wuce, hukunci a kansa ba zai canza komai ba. *Quite* kuwa, wadda asalinta "gaba ɗaya", ta yi sanyi a bakin Baturen Ingila har *quite good* ta koma "ba laifi", alhali Ba'amurke yabo sosai yake nufi da ita. Malamin da ke rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida zuwa wata jami'ar waje ya kamata ya san wace ƙasa takardar za ta.

Zuzutawa

A taƙaice zan taɓa wannan, domin hayaniyarsa ta fi illarsa. Masu gyaran harshe suna ƙorafin cewa *literally*, mai nufin "a zahiri, ba kwatance ba", ta koma kalmar zuzuta kwatance. Amfanin ba sabo ba ne, ana samun sa a rubuce tun ƙarni na 18. Hanyar da *very* ta bi ce, daga *verai* ta tsohon Faransanci mai nufin gaskiya. Kalmomin tsoro ma sukan bi ta, shi ya sa ake cewa *terribly good*, kamar yadda mu ma muke cewa abu ya yi mugun kyau ko yana da masifar daɗi. Babu wanda ya taɓa ruɗewa da wannan.

Inda nauyin ya faɗa

Harshe yana haƙuri da kalma mai fuska biyu ne muddin fuskokin ba sa haɗuwa a muhalli ɗaya. *Cleave* ta mannewa tana tafiya da *to*, ta tsagawa ba ta yi. *Let* ta hanawa ta maƙale a 'yan wurare kaɗan. *Dust* karɓau ne ke fassara ta. Matsalar tana inda ma'anonin biyu suke zaune a fage ɗaya, mutane iri ɗaya suke furta su, a jimla iri ɗaya. *Sanction* ta fi kowace shiga wannan hali. Akwai ƙa'idar da ke aiki sau da yawa: idan karɓau mutum ne ko kamfani ko ƙasa, hukunci ne, idan aiki ne, amincewa ce. Amma *sanctioned oil* man da aka sa wa takunkumi ne, *state-sanctioned violence* kuma ta'asar da gwamnati ta ɗaure wa gindi ce. Jimla irin *the commission sanctioned the practice* ba ta warwaruwa sai an karanta abin da ke gabanta da bayanta. Marubucin Ingilishi yana iya wucewa bai lura ba. Mai fassara ba ya iya wucewa, domin Hausa ba ta da kalmar da ta haɗa takunkumi da amincewa.

Dalilin yana cikin ginin harshenmu. Tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 yana nuna alƙiblar aiki a jikin kalmar kanta: na sayi, na sayar; na koyi, na koyar; na ari littafi, na ara masa littafi; na ranci kuɗi, na ranta masa. Inda Ingilishi ya bar *rent* da *lease* su ɗauki mai gida da ɗan haya duka, Hausa takan tilasta a faɗi wa ya bayar, wa ya karɓa. Ɗalibin da ya ce *borrow me your pen* tsarin "ara mini" ya ɗauko, tushe ɗaya mai alƙibla biyu, ya kai shi inda Ingilishi ya ware kalmomi biyu. Malamin da ya san haka zai gyara masa da bayani, ba da tsawa ba.

Wuri ɗaya da Turawa suka sa hannu da gangan shi ne inda rai yake cikin haɗari. *Inflammable* da muke gani a jikin tankokin mai tana nufin mai saurin kama wuta, daga *inflammare* ta Latin. Amma ɗafa-goshin *in-* ya yi kama da na korewa da ke cikin *invisible* da *incapable*, har wasu suka riƙa ɗauka abin ba ya cin wuta. Hukumomin kiyaye gobara a Amurka suka matsa a ƙarni na 20 aka koma rubuta *flammable*. Sauran kalmomin babu mai gyara su, kuma ba na ganin za a gyara.

Abin da ke hannunmu shi ne ƙamus da aji. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa da za a yi nan gaba, da jerin kalmomin da ɗakunan labarai suke ajiye wa ma'aikatansu, bai kamata su jera "amincewa, takunkumi" a layi ɗaya su wuce ba. A ƙarƙashin *sanction* a raba suna da aikatau, a nuna irin karɓau da kowace ma'ana take ɗauka, a kawo jimla cikakkiya ga kowace. A raba *let* da *cleave* da *clip* gida bibbiyu, tun da dama can biyu ne. A gaban *table* da *moot* da *quite* kuma a rubuta sunan ƙasa, Birtaniya ko Amurka, a ƙara da bayanin wadda majalisu da kotunan Najeriya suke bi.